Yadda ake wanke maƙogwaron injin mota ba tare da an jawo wata ɓarna ba

Motar da ke karkarwa idan ta tsaya a danja, ko take mutuwa da zarar direba ya ɗaga ƙafarsa daga kan totur, ba lallai ne injinta ya tashi aiki ba. Sau da yawa matsalar ba ta wuce dattin da ya taru a maƙogwaron injin ba, wato sashen da makanikai ke kira totur-bodi.

Wanke wannan sashe aiki ne da bai cika wuce awa guda ba, kayan yinsa kuma ba su da tsada. Sai dai a motocin zamani maƙogwaron yana ɗauke da na'urorin lantarki masu laushi, waɗanda ganganci kaɗan ke iya kashewa. Nan ne ake garin neman gira a rasa ido, mai mota ya koma neman sabon maƙogwaro da kuɗin da ya ninka na wankin sau da dama.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu motoci suka ƙara sa ido kan duk abin da ya shafi lafiyar injin, wasu ma suka koma yin ƙananan gyare-gyare da hannunsu. Ga wanda zai yi da kansa, da wanda zai tsaya a kan makanike ya yi masa, sanin ƙa'idar aikin na da amfani.

Aikin da maƙogwaro ke yi

Injin fetur ba ya ƙona mai sai da iska. A ma'aunin nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone yadda ya kamata. Iskar tana shiga ta matatar iska, ta bi wani babban tiyo na roba, ta ratsa maƙogwaro, sannan ta rarrabu zuwa silindodi.

Shi maƙogwaron gajeren bututu ne, galibi na alminiyom. A cikinsa akwai wani faifai da ke juyawa a kan siririyar sanda, yana buɗewa yana rufewa kamar ƙyaure. Idan direba ya taka totur, wannan faifan yake buɗewa. Iska ta ƙaru, ƙwaƙwalwar mota ta auna yawanta, sannan ta umarci nozul su feso man da ya dace da ita.

Idan mota tana tsaye injin yana aiki, faifan yakan kasance kusan a rufe. Ta ɗan siririn gibin da ya rage a gefensa, ko ta wata 'yar hanya da ke zagaye shi, iskar da ke riƙe injin take wucewa. A yawancin ƙananan motoci, injin da ya yi ɗumi yakan juya tsakanin sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya a wannan yanayi. Saboda ƙanƙantar gibin, dattin da bai kai kaurin farce ba ya isa ya shaƙe injin.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, wannan faifai yana cikin kafireta ne, ana kuma jiƙa kafiretar da fetur a wanke ba tare da wata fargaba ba. Makanikan da suka saba da wancan salon sukan so su yi wa motocin yau irinsa, alhali abin ya sauya.

Iri biyu ne, kowanne da hukuncinsa

Na farko shi ne mai waya. Wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga totur zuwa gefen maƙogwaro, tana jan faifan kai tsaye. Irin wannan yakan zo da wani ƙaramin bawul da ke sarrafa iskar da injin ke sha idan mota tana tsaye. Toyota Camry ƙirar 1997 zuwa 2001 tana cikin wannan rukuni.

Na biyu shi ne mai lantarki. Babu igiya tsakaninsa da ƙafar direba. Totur yana aika saƙo ga ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta umarci wani ƙaramin moto da ke jikin maƙogwaron ya juya faifan ta hanyar wasu ƙananan haƙoran giya, waɗanda galibi na roba mai tauri ne. Kamfanin BMW ya fara saka wannan tsari a manyan motocinsa a ƙarshen shekarun 1980, Camry kuma ta koma kansa daga ƙirar 2002. A yau kusan duk sabuwar motar fetur da shi take fitowa.

Gane su ba wuya. Idan aka buɗe bonet aka ga igiya tana naɗe a kan wani ɗan gargare a gefen maƙogwaron, mai waya ne. Idan kuwa baƙin murfi ne da soket mai wayoyi da yawa, babu igiya, to mai lantarki ne, kuma shi ya fi buƙatar taka tsantsan.

Daga ina dattin yake fitowa

Mutane da dama suna ɗauka cewa gurɓataccen fetur ne ke ɓata maƙogwaro. A yawancin motocin da ke amfani da nozul, fetur ba ya ma bi ta wurin. Dattin yana da tushe uku.

Na farko tururin baƙin mai ne. Kowane injin yana da tiyon da ke mayar da tururin da ke tasowa daga cikinsa zuwa hanyar iska domin a ƙone shi. Wannan tururi yana barin maiƙo a jikin faifan. Idan injin ya tsufa, ko baƙin mai ya daɗe ba a juye ba, maiƙon yakan ƙaru.

Na biyu hayaƙi ne. Wasu injuna suna mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin injin don rage gurɓata iska, shi kuma yana zuwa da baƙin toka.

Na uku ƙura ce. Idan matatar iska ta yage, ko ba ta zauna daidai ba, ko tiyon ya tsage, ƙura takan shige ta manne wa maiƙon, su haɗu su zama wani baƙin danƙo. A lokacin hunturu, da kuma ga motocin da ke bin hanyoyin da ba su da kwalta, wannan ya fi tsanani. Haka ma motar da ke yini cikin cunkoso a Legas, Kano ko hanyar Nyanya zuwa Abuja takan fi saurin tara datti a kan wadda ke cin dogon zango.

Alamomin da ake gani

Allurar da ke nuna juyin injin takan riƙa hawa da sauka idan mota tana tsaye. Injin yakan yi karkarwa, musamman idan aka kunna na'urar sanyaya mota. Wani lokaci yakan mutu idan aka taka birki za a tsaya, ko ya yi nauyin ɗauka idan aka ba shi wuta. A mai waya, totur yakan yi kamar ya manne a farkon takawa, sannan ya saki gaba ɗaya, motar ta zabura.

Mutuwar injin a kan tafiya ba ƙaramin haɗari ba ne. A motoci da yawa sitiyari yakan yi nauyi nan take, birki ma ya yi tauri bayan takawa ɗaya ko biyu. Idan hakan ya faru a shataletale ko a mahaɗar hanyoyi, direba yana iya rasa yadda zai yi.

Sai dai waɗannan alamomi ba na maƙogwaro kaɗai ba ne. Filogi da ya ci, ko koyil da ya raunana, ko tiyon da ke shan iska ta tsaga, ko famfon mai da ya gaji, duk suna iya kawo irinsu. Saboda haka bincike ya kamata ya riga wanki.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, waɗanda su ne kaso mai yawa na motocin tokumbo a Nijeriya, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Lamba P0505 tana nuna matsala a tsarin da ke riƙe injin a tsaye. P0506 tana nufin juyin ya yi ƙasa da yadda ake so, P0507 kuma ya yi sama. P0121 ta shafi na'urar da ke auna matsayin faifan. Bayan wannan, sai a cire tiyon a haska ciki da tocila. Idan faifan da bangon suna da tsabta, to a nemi matsalar a wani wuri.

Kayan aiki

Ana buƙatar gwangwanin feshi da aka yi musamman don wanke maƙogwaro, da tsumma mai laushi wanda ba ya zubar da zare, da burushi mai taushi irin na goge haƙori, da sukundireba, da sifana. Lamba 10 ce ta fi yawa a motocin Japan. Sai safar hannu, da tabarau na kariya, da sabon gasket idan za a sauke maƙogwaron.

Ba kowane feshi ya dace ba. Na wanke kafireta da na wanke birki sun fi ƙarfi, suna iya cin roba da kuma shafen da ke cikin wasu maƙogwarori. Kamfanin Ford ya taɓa manna gargaɗi a jikin maƙogwaron wasu motocinsa cewa kada a wanke su, saboda irin wannan shafe. Duk inda aka ga gargaɗi irin haka, ko littafin motar ya hana, to a bi abin da kamfani ya faɗa.

Tsaron rai da lafiya

Sinadaran da ke cikin feshin suna kama wuta cikin sauri, tururinsu kuma yana sa jiri idan aka shaƙa da yawa. Don haka a yi aikin a fili, nesa da murhu, janareta mai aiki, walda da masu shan sigari. A ajiye tukunyar kashe gobara kusa, wadda dama Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke buƙatar kowace mota ta riƙe.

A bar injin ya huce sosai. Fesa wannan ruwa kusa da bututun salansa mai zafi neman gobara ne. A ja birkin hannu, a saka giya a fakin ko a furi, a zare makulli. A motar da aka mayar mai amfani da iskar gas, a rufe bawul ɗin tukunyar kafin a fara.

Daga nan a cire kan batir na nagetif, wato mai alamar ragi. Wannan mataki ya fi muhimmanci a maƙogwaro mai lantarki, domin motonsa yana da ƙarfin da zai datse yatsa idan faifan ya rufe ba zato. Wasu sukan kunna makulli su sa wani ya taka totur don faifan ya buɗe, su kuma su cusa hannu. Idan ƙafar mai takawa ta goce, ko ƙwaƙwalwar motar ta mayar da faifan da kanta, yatsa ne zai ji a jikinsa. A lura kuma cewa cire batir yana goge saitin agogo, wasu rediyoyin ma sukan nemi lambar sirri bayan an mayar.

Yadda ake wankin

Kafin a kwance komai, yana da kyau a ɗauki hoton wurin da waya, don a san inda kowane tiyo da soket yake.

A sassauta ɗaurin babban tiyon, a zare shi daga bakin maƙogwaron a hankali. Tsohuwar roba takan tsage idan aka fizge ta. A jikin wannan hanya, kusa da matatar iska, motoci da yawa suna da na'urar auna iska mai siraran wayoyi. Kada feshin maƙogwaro ya taɓa ta, kada kuma a sa mata hannu. Tana da nata ruwan wankin daban.

Idan dattin kaɗan ne, ana iya wankewa maƙogwaron yana jikin injin. A fesa ruwan a kan tsumma, ba cikin ramin ba, sannan a goge fuskar faifan da bangon da ke kewaye da shi. A fi mayar da hankali ga baƙin zoben da ke daidai inda gefen faifan ke kwantawa, domin nan ne iska ke toshewa.

A mai waya, ana juya gargaren da hannu a buɗe faifan, a goge bayansa. A mai lantarki kuwa, wasu kamfanoni sun hana a tura faifan da hannu, don haka a fara duba littafin motar. Inda aka yarda, a tura shi sannu a hankali bayan an cire batir, a kuma raka shi ya koma. Sakinsa ya buga da ƙarfi yana iya karya haƙoran giyar.

Idan dattin ya yi kauri, gara a sauke maƙogwaron. A cire soket, a kwance kusoshin da ke riƙe da shi, waɗanda galibi huɗu ne. Wasu suna da ƙananan tiyo biyu da ruwan lagireto ke bi ta cikinsu. Idan za a iya aikin ba tare da an cire su ba, a bar su. A toshe ramin da ya rage a jikin injin da tsumma mai tsabta don kada kusa ko tsakuwa ta faɗa.

Yayin wankewa, a riƙe shi ta yadda ɓangaren lantarkin zai kasance a sama, ruwan dattin ya riƙa gangarowa nesa da shi. Idan ruwa ya bi ta jikin sandar ya shiga murfin, yakan wanke giris ɗin da ke ciki, ya kuma lalata na'urar auna matsayin faifan. Ba a tsoma maƙogwaro mai lantarki cikin fetur, kananzir ko ruwan omo. A goga da burushi, a share da tsumma, a maimaita har ƙarfen ya fito, sannan a bar shi ya bushe na mintuna kaɗan.

Wajen mayarwa, a tuna a cire tsumman da aka toshe ramin da shi. A saka sabon gasket, a ɗaure kusoshin bi da bi, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, ba tare da matsawa fiye da kima ba, domin mazauninsu a motoci da yawa na roba ne. A mayar da soket da tiyo, a tabbatar babu inda iska za ta sata hanya.

Abubuwan da ke mayar da gyara ɓarna

Kankare datti da sukundireba, wuƙa, sanfefa ko burushin ƙarfe yana ƙara faɗin gibin da ke tsakanin faifan da bango. Da zarar ƙarfen ya ci, ba ya komawa, injin zai riƙa gudu fiye da ƙa'ida ko da mota tana tsaye.

Haka nan akwai wata 'yar kusa da ke tsayar da faifan, wadda aka saita tun daga masana'anta, sau da yawa ma da ɗigon fenti a kanta. Juya ta don a ɗaga ko a rage ƙarar injin gyaran gangar Auzinawa ne, domin tana rikita lissafin ƙwaƙwalwar motar.

Tuttula feshi cikin injin yana aiki shi ma ba dabara ba ce. Dattin da ya narke cikin silinda yake tafiya, wuta tana iya dawowa ta baki, siririn tsinken da ke kan gwangwanin kuma yana iya tsinkewa injin ya zuƙe shi.

Bayan an gama

Ba abin mamaki ba ne injin ya ɗan yi gardamar tashi a karon farko, ko ya fitar da ɗan hayaƙi na ɗan lokaci. Ragowar ruwan wankin ne ke ƙonewa. A tayar da shi a fili, domin hayaƙin mota a rufaffen gareji yana kisa.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne injin ya riƙa gudu da ƙarfi bayan wanki. Dalili kuwa shi ne, tsawon lokacin da datti ke taruwa, ƙwaƙwalwar motar ta saba ƙara buɗe faifan don ta cike gurbi. Da hanya ta buɗe, iskar sai ta yi yawa, har sai ƙwaƙwalwar ta sake koyon sabon ma'auni.

A motoci da dama, ya isa a murɗa makulli ba tare da an tayar ba na daƙiƙu kaɗan, a kashe, sannan a tayar a bar injin ya yi ɗumi har fankar lagireto ta kunna, ba a taɓa totur ba, fitilu da na'urar sanyaya mota kuma suna kashe. Daga nan a ɗan zagaya da ita a hanyar da ba cunkoso. Motocin Nissan da yawa suna da tsari na musamman da ake bi da ƙidayar daƙiƙu, na Volkswagen da Audi kuma galibi sai an jona na'urar bincike. Mai irin waɗannan motoci ya kamata ya tabbatar akwai wanda zai yi masa saitin tun kafin a kwance kusa ɗaya.

Idan injin ya ƙi sauka, kada a hau babban titi da motar. Mai giyar otomatik tana iya zabura da zarar an saka giya. Idan kuma totur ya maƙale ana cikin tafiya, a danne birki da ƙarfi ba tare da saki ba, a mayar da giya furi, a ratse gefen hanya, sannan a kashe injin.

Tsummokaran da aka yi aiki da su a shanya su a fili su bushe kafin a zubar. Gwangwanin kuma kada a jefa shi wuta, kada a bar shi cikin motar da ke rana, domin ba a son zafinsa ya wuce digiri 50. A nisanta shi daga yara.

Lokacin da wanki ba zai yi magani ba

Idan faifan yana girgiza a kan sandarsa, ko ana jin ƙarar haƙora a cikin murfin, ko na'urar bincike ta nuna P2111 ko P2112, waɗanda ke nufin faifan ya maƙale a buɗe ko a rufe, kuma lambar ta dawo bayan an wanke, to aikin ya koma na ƙwararren mai gyaran lantarkin mota. Haka ma idan motar ta ƙi wuce wani ɗan gudu komai takawa, wanda matakin kariya ne da ƙwaƙwalwarta ke ɗauka. Motar da ke ƙarƙashin garanti kuwa, a mayar da ita ga dillalinta.

Littattafan motoci da yawa ba su ƙayyade lokacin wanke maƙogwaro ba, don haka babu dalilin wanke shi a duk juyen baƙin mai. Abin da ya fi shi ne a leƙa shi duk lokacin da za a sauya matatar iska, musamman bayan hunturu. Matatar da ta toshe ko ta yage a sauya ta, maimakon a yi ta hura mata iska ana mayarwa. A juye baƙin mai a kan lokaci, a riƙa duba tiyon ko ya tsage. Motar da ta samu wannan kulawa takan daɗe maƙogwaronta bai nemi wanki ba.